Ƙungiya Huɗu, Gwangwani Uku

Goggo Mairama,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma da gaggawa, don kwana goma sha huɗu kacal suka rage mani. Kada ki ga na fara da roƙo ki ɗauka wani abin baƙin ciki ne ya same ni. Wallahi tun da aka kawo ni garin nan, shekara tara ke nan, ban taɓa jin daɗin bazara kamar ta bana ba. Ni da hannuna na yi wani ƙulli a tsakiyar daɗin nan, yanzu kuma na rasa ta inda zan kwance shi.

Ni 'yar Filinge ce. Can aka haife ni, can na yi lakkwal, wato makarantar boko, har kolej, kafin aure ya kawo ni wani ƙauye a ƙasar Kurfai, ba nisa da Tabla. Ba zan faɗi sunan garin ba, ko da yake duk wanda ya san mu, kafin ya kai layi na biyar ya gane ni. A bayan garinmu akwai wani fako da ya gagari kowa: ƙasa ja, tauri kamar daɓen ɗaki, in ruwa ya sauka a kansa gudu yake yi ya wuce, ko ciyawar da akuya za ta lasa ba ta fitowa. Tsofaffi suna cewa da can daji ne mai duhu. Mu dai ba mu tarar ba. To bana wani furoje, wato shirin raya karkara, ya zo ya ce zai ba mu diga da shebur da dashen itatuwa, in mu za mu ba da ƙarfinmu mu haƙa rabin wata. Ke da kike Yamai wataƙila ba ki taɓa gani ba. Rami ne mai faɗi, a fitar da shi kamar rabin faifai, a tara ƙasar a bayansa, bakinsa yana kallon inda ruwa ke gangarowa don ya tare shi ƙasa ta sha. Kowane rabin wata, itace ɗaya za a dasa masa.

Garinmu ya ɗauki alkawarin dubu ɗaya da ɗari biyu cikin mako takwas, kafin ruwan shuka ya sauka, don kin san da ya sauka kowa gonarsa zai nufa, ba mai sake waiwayar fako. Aka kasa mu huɗu, kowace ƙungiya ɗari uku. Samari, shugabansu wani mai surutu ana ce da shi Sahabi. Magidanta, cikinsu har da maigidana. Mata, a hannun Iya Dijatu, tsohuwar da ba ta gajiya da aiki balle magana. Sai dattawa, waɗanda aka ce su zauna inuwa su sa albarka, suka ce ba su san wannan zancen ba, su ma a yanka masu nasu. Shugaban dattawan nan shi ne mahaifin maigidana. Baba. Ko a wannan takarda ba zan iya rubuta sunansa ba, kuma daga nan wahalata ta samo asali.

Ranar da aka yi taro aka ce ana neman wanda zai riƙe kaye, wato littafin da za a riƙa rubuta inda aiki ya kai. Maza suka yi ta tura wa juna. Sai Baba ya yi gyaran murya, bai ko dubi inda nake ba, ya ce, "A ba ɗiyar lakkwal ɗin nan ta gidanmu, hannunta na da kyau." Goggo, ina can bayan mata, na ja mayafi na rufe fuska, amma a ƙarƙashin mayafin bakina har kunne. Shekara tara ba wanda ya nemi rubutuna sai ranar.

Aikina shi ne duk ranar Alhamis in ji inda kowace ƙungiya ta kai, in rubuta, in hau tudun bayan masallaci inda ake samun rezon waya in aika wa Madam Anisa. Ita ce ma'aikaciyar furoje a Filinge, kuma da abin da na aika mata take tsayar da ranar da kamyo, wato babbar mota, zai kawo mana dashe.

Makon farko na yi abin dariya. Na bi shugabanni ina cewa ina aiki, suna cewa aiki da godiya. Na ce ina kuka kai, kowa ya ce mun kusa. Har Sahabi, wanda kwanansa uku da karɓar diga, ya buga ƙirji ya ce su sun kusa. Ni kuwa na zauna na gyara bik, wato biro, na rubuta "sun kusa" sau huɗu, da rubutuna mai kyau ɗin nan, na aika. Madam Anisa ta kira ni tana dariya har tana tari, ta ce ita kamyonta bai san "mun kusa" ba, lamba yake sha kamar mai. Washegari na ɗauki Iya Dijatu muka shiga fako muka ƙirga na nan kusa da ƙafarmu. "Kusa" ɗin Sahabi talatin da ɗaya ne cikin ɗari uku.

A nan Allah ya ba ni wata dabara. Na nemo manyan gwangwanayen tumatir na wanke, na sa aka tsinto mani ƙwallayen aduwa a turken awaki, inda suke tofar da su in suna tuƙa. Na ce duk rabin watan da aka gama, a jefa ƙwallo ɗaya a gwangwani. Ranar Alhamis bayan la'asar a kawo gindin gawon da ke bakin fako, a juye a tabarma, a ƙirga da ƙarfi kowa yana ji. Ba sai ka iya karatu ba, ba kuma wanda zai ce an rage masa.

Goggo, abin ya zama biki. Kafin a idar da sallah yara sun shimfiɗa tabarma. In aka juye na mata sai guɗa ta tashi. Mako na uku da mata suka wuce samari da bakwai, Sahabi ya tashi ya ce bai yarda ba, wai aduwa muke sha muna ƙara ƙwallaye. Iya Dijatu ta kama hannun rigarsa ta ja shi cikin fako, ta ce ya ƙirga da bakinsa. Ya ƙirga ya tarar mun ma manta biyu ba mu jefa ba. Tun ranar samari suke fita tun ba a gane fuskar mutum, don kada a sake yi masu waƙa a bakin rijiya. Mako na huɗu magidanta suka yi baya saboda rabinsu sun kai dabbobi kasuwar Bonkuku, kuma nan take tabarma ta nuna. Ba a yi faɗa ba, ba a kira sunan kowa ba, su da kansu suka ƙara safiya ɗaya suka cike. Madam Anisa yanzu Madam Gwangwani take kirana, ta ce har ta kai dabarar wasu garuruwa biyu.

Mako na biyar aka yi wani ɗan ruwa da rana tsaka, wanda bai isa shuka ba. Da ya ɗauke garin duka ya fita fako, har masu sanda. Ruwa ya kwanta a cikin kowane rabin wata yana ƙyalli, a wurin da tun da nake ban taɓa ganin ruwa ya tsaya ba. Bayan kwana biyar sai ga tsiron ciyawa. Uwar maigidana, Inna, ta durƙusa ta shafa shi da tafin hannu tana hawaye tana dariya. Ni ma na yi kukan, ba zan ɓoye maki ba.

To ga inda gizo yake saƙa. Ƙungiya huɗu ce, amma gwangwani uku na raba. Na huɗun na wanke shi tas, yana nan a ɗakina bayan kwanoni har yau. Ki gaya mani, Goggo, da wane ido zan miƙa wa surukina gwangwani in ce ya kawo ranar Alhamis in ƙirga shi a gaban jama'a? Ni da nake tuɓe takalmi in zan wuce ƙofar zaurensa? Ni da bai taɓa ganin na kai loma baki ba? Kuma ba zan iya zuwa yankin dattawa in ƙirga ba, don yana can ƙarshen fako bayan kwazazzabo, ba hanyar ko'ina ba ce, duk wanda ya gan ni can ya san bincike na je. Abin da nake iyawa shi ne ranar Alhamis da safe in na je gaisuwa, in durƙusa, kaina a ƙasa, in ce, Baba ina aiki. Shi kuwa kullum amsarsa ɗaya: "Aiki da godiya, ɗiyata. Namu kar shi dame ki."

Sai in koma ɗaki in buɗe kaye. Ga gurbi uku cike da lambobi na gaskiya, ga na huɗu fari fat yana kallona. Na ji kunyar aika shi haka. Sai na dubi na magidanta na rage goma na rubuta. Mako na gaba ma haka. Na ce a raina ai dattawa ne, sun fi kowa sanin ƙasa, ba za su yi nisa da hakan ba. Yau mako biyar ke nan ina wannan, kuma kayena ya ce dattawa sun yi ɗari biyu da hamsin. Ba wanda ya faɗa mani wannan lamba. Daga kaina ta fito.

A gindin gawo in wani ya tambayi na dattawa, sai in ce nasu yana wurina, a wuce. Iya Dijatu kaɗai ke tonawa, don ita taubashiyar Baba ce, abin da ta ga dama take gaya masa. Takan ɗaga murya ta ce, "Kai raggo, ina naka gwangwanin? Ko tsoron mata kake ji?" Shi kuma ya ce ta fara nemo haƙoran da za ta sha aduwar tukuna. A yi dariya a tashi, ni kuwa gumi yana bin bayana.

Ranar kasuwar da ta wuce asirina ya tonu a gaban idona. Muna dawowa a amalanke, mai shanun ya ce yashi ya yi yawa a babbar hanya, ya bi ta bayan fako, ta kan wani tudu da ke kallon yankin dattawa. Na ƙirga daga kan amalanken, na sake ƙirgawa. Ba su wuce ɗari da goma ba. 

Amma Goggo, ki ga aikin! Kowane ɗaya mai zurfi, an daddale bayansa, an jera masa duwatsu, bakinsa daidai inda ruwa zai shigo. Maigidana ya ce ai su sai sun gwada da igiya, su yi gardama a kai, in baki ya karkace su rushe su sake. Duk fakon ba mai kyan nasu. Sai dai ɗari da goma ne, ba ɗari biyu da hamsin ba.

Yanzu samari sun cika ɗari ukunsu, mata saura goma, magidanta saura arba'in. A kan maganata Madam Anisa ta tsayar da rana. Kamyo sau ɗaya zai zo. Ta ce za ta zaga fako tare da maigari da jama'a, a ƙirga, a sauke dashe ɗaya ga kowane rabin wata, abin da ya rage kuma a wuce da shi wani gari. Kin ga ke nan dashen dakwara da bagaruwa kusan ɗari da casa'in za su juya su bar garinmu kowa yana kallo, kuma kowa zai san yankin wa ne bai cika ba. Mutumin da ya ɗaga ni a gaban taro, ni zan tsayar da shi a gaban taron nan yana sunkuyar da kai.

Na gaya wa maigidana. Shi ɗan fari ne, Baba bai taɓa kiran sunansa ba, in suna da magana ta wurin Inna take bi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya sosa ƙeya, ya ce ai ni na karɓi kaye. Na je wurin Inna da niyyar in faɗa mata, kafin in buɗe baki ta fara nata ƙorafin: wai tun da aka fara aikin nan aljihun Baba kullum da ƙwallayen aduwa, har sun huda masa riga biyu, yana tara su a wata tsohuwar ƙwarya ƙarƙashin gado, ya hana ta zubarwa, ya hana jikoki taɓawa. Na yi mata dariyar yaƙe na tashi ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Ban san me yake nufi da su ba, kuma ina tsoron in sani.

Abin da ya fi ci mani rai, Iya Dijatu ce ta kawo mani shi tana murna. Wai a kasuwa ta ji Baba yana gaya wa abokansa, "Kayen surukata ba shi ƙarya. In ta ce goma, goma ne." Goggo, a duk kayen nan gurbi ɗaya ne na ƙarya, kuma nasa ne.

Na yi tunanin in yi shiru in roƙi Allah kamyon ya lalace a hanya, na yi istigfari. Na yi tunanin in kwashi mata mu je mu haƙa masu a ɓoye, na ga wannan ya fi zagi. Na yi tunanin in kira Madam Anisa, sai in tuna yadda take yabona a garuruwan mutane. Hadari kuwa ya fara haɗuwa ta gabas duk yamma. Ina son aikin nan, ina son tsohon nan kamar mahaifina, kuma ba na son ko itace ɗaya ya bar mu. Yaya zan yi?

Taki,
Mai Kaye, daga ƙasar Kurfai

AMSA

'Yata Mai Kaye, wa alaikumus salam.

Na tsallake takardu da yawa na ɗauko taki, tunda kwanakinki a ƙirge suke. Na karanta ina murmushi, wurin Sahabi da Iya Dijatu kuwa sai da na ajiye tabarau na yi dariya mai isata. Barka da aiki. Matar da ta mayar da "mun kusa" ta zama lamba da gwangwanin tumatir da abin da awaki suka tofar, ba ƙaramar mace ba ce. Ki riƙe wannan, don yanzu zan ɗan ja maki kunne.

Kunyar da kike ji ta Baba tarbiyya ce, kuma ba ni ce zan ce ki je ki tsaya a kansa da bik kina tambaya ba. Gidan da suruka take tuɓe takalmi, suruki kuma yake yabonta a kasuwa, gida ne mai albarka. Amma kaye ba naki ba ne ke kaɗai. Madam Anisa ta jingina da shi, mai tuƙa kamyo ya jingina da shi, masu renon dashen ma haka, har garin da ke jiran a gama da ku a zo kansu. Da kin bar gurbin nan fari kin rubuta "ban samu ba", da ba ki yi laifin komai ba, don rashin sani ma labari ne, kuma tun mako na biyu za a nemo hanya. Kin yi wa Sahabi dariya da ya ce sun kusa, alhali naki ya fi nasa haɗari. Nasa kowa ya ji ya san zance ne. Naki lamba ce, aka gaskata ta aka tsayar da rana a kanta. Kunyar da kika so ki kare Baba daga ita ba ki kore ta ba, tara masa ita kika yi zuwa ranar da jama'a ta fi yawa.

Akwai kuma abin da ba ki lura da shi ba. Mako biyar ana guɗa a gindin gawo, an yi wa samari, an yi wa mata, an yi wa magidanta. Tsofaffin da suka ƙi zama inuwa, suka yi aikin da ya fi na kowa kyau, su kaɗai ba a taɓa juye nasu a tabarma ba.

Kin ce ba ki san me Baba yake nufi da ƙwallayen aduwar nan ba. Kin sani, 'yata. Ya ga gwangwani uku sun fita daga gidansa, ya jira nasa bai zo ba, shi ma kuma yana jin nauyinki kamar yadda kike jin nasa. Ba zai buɗe baki ya roƙi surukarsa gwangwani ba. Sai ya nemi ƙwarya. Ban ga ƙwaryar nan ba, amma in kin ƙirga kika samu abin da ya yi nisa da ɗari da goma, ki rubuto ki ce Goggo ta tsufa. Ke kina ɗaki kina ƙago masa lamba, shi yana ƙarƙashin gado yana ajiye maki ta gaskiya. Ina kyautata zaton har yau ɗauka yake gurbinsu fari ne, yana jiran ranar da za a tambaya.

To ga abin yi. Yau ɗin nan, kafin komai, ki hau tudun nan ki kira Madam Anisa. Ki ce dattawa suna wajen ɗari da goma, kuma ɗari biyu da hamsin ɗin ƙiyasinki ne, ba wanda ya ba ki shi. Kada ki bari ko ƙurar laifin ta taɓa tsofaffin. Wataƙila ta yi faɗa kaɗan, ki jure. Duk mai tsara aiki ya fi son ya ji ba daɗi saura kwana goma sha huɗu a kan ya gani da idonsa ranar da kamyo ya tsaya. Ita ta san ko ranar za ta ɗagu ko ba za ta ɗagu ba, wannan nata ne. Naki shi ne ki ba ta abin da yake ƙasa.

Daga nan ki wuce ɗakin Inna. Wannan karon ki riga ta magana. Ki faɗa mata duka, ki roƙe ta ta kai wa Baba a gajarce cewa kin rubuta masu abin da ba ki ƙirga ba, kin kuma gyara. Sannan ku jawo ƙwaryar ku ƙirga tare.

Lissafin kuwa bai kai abin da kike tsoro ba. Dattawa suna yin kamar goma sha takwas a mako. In aka bar su su kaɗai, sai an yi girbi ba su gama ba. Amma samarinki sun gama hannunsu yana ƙaiƙayi, mata za su gama gobe ko jibi, magidanta mako ɗaya ya ishe su. Kowace ƙungiya cikinsu tana yin arba'in zuwa hamsin a mako. Ko da za su rage gudu don su kamo kyan na tsofaffin, ɗari da casa'in ba za su gagare ku a mako biyu ba, in dai an fara jibi ba an jira Alhamis ta sama ba.

Yadda za a shiga yankinsu ba tare da an ce an zo ceto ba, wannan aikin Iya Dijatu ne. Allah ya ba ki mace mai lasisin baki a kan surukinki, kina ta barinta tana ɓata shi a wasa. Ki kira ta gefe ki gaya mata gaskiya. Ita za ta san yadda za ta tsokane shi ya kira gayya da bakinsa, kuma ba dattijon da ya taɓa jin kunya don gari ya fito masa gayya. Ba sai an yi masa daɗin baki na ƙarya ba, gaskiyar ma ta isa: nasu ya fi na kowa. Su riƙe igiya su zana, su duba, masu ƙarfi su haƙa.

A nan ma ina da tambaya. Ɗari ukun da samari suka gama a guje, bayan ɗan ruwan nan kin koma kin duba nawa ne bayansu ya zube? Ƙwallo a gwangwani ya kamata ya zama an gama kuma an duba, ba an tona an wuce ba. Ki roƙi dattawa, ta bakin Inna, su zaga na kowa kafin ranar kamyo. Za ki ga yadda kafaɗarsu za ta miƙe.

A kwanakin da suka rage kada ki jira mako ya zagayo. Ki ƙirga kullum da yamma, ki aika wa Madam Anisa duk bayan kwana biyu, don in abu ya karkace a gani da wuri. Kuma daga yau kowace lamba da za ki rubuta, ki sa mata alama a gefe: wadda kika gani da idonki, wadda aka faɗa maki, da wadda kike zato. Ba laifi ba ne mai riƙe kaye ya yi zato. Laifin shi ne ya bar mai karantawa ya ɗauka an ƙirga.

Saura abu ɗaya, kuma wannan ba Inna ba, ba Iya Dijatu ba, ke za ki yi shi. Ki ciro gwangwanin nan daga bayan kwanoni. Gobe da safe in kin je gaisuwa, ki tuɓe takalminki yadda kika saba, ki durƙusa, ki ajiye shi a gabansa da hannu biyu. Ba sai kin ɗaga ido ba, ba sai kin ce komai ba, zai gane. Ranar Alhamis a fara juye nasu, ki kuma gaya wa mata su ba su guɗar mako biyar da suke bi.

Kada ki yage shafin nan. Ki ja layi ɗaya a kan ɗari biyu da hamsin yadda za a iya karanta ta, ki rubuta abin da ƙwarya ta ce a gefenta. Daga wannan lokacin maganar da tsohon ya yi a kasuwa ta zama gaskiya, kuma kina iya jinta ba tare da gumi ya bi bayanki ba.

Allah ya sa ku cike kafin ruwa, ya sa kamyo ya bar garinku ba ko dashe ɗaya a bayansa, ya ja kwanan Baba har ya zauna a inuwar dakwarar da ya haƙa wa rami. Ki gaishe mani da Inna, ki ce ta ɗinke aljihunan nan, an samu gwangwani.

Taki,
Goggo Mairama